Shagon da sunka ja muna wayar netwok a Sakkwato, abin da na gani da inda sunka gaza

Jama'a da yawa na tambayata ta WhatsApp wa ya yi muna aikin wayoyin netwok na cibiyarmu ta kwamfuta da ke Mabera, to bari in rubuta shi wuri guda kowa ya karanta. Wani ɗan ƙaramin shago ne can wajen titin Emir Yahaya, suna saida kayan netwok da kyamarorin tsaro kuma suna zuwa su haɗa maka har inda kake. Ba zan sa sunansu ba don akwai inda zan yi ƙorafi kansu, mai so ya neme ni a gefe. A taƙaice dai aikinsu na jan waya ya yi, wallahi ya yi, amma akwai tsada, akwai jan lokaci, kuma in anka zo batun sola sai ka tsaya kansu.

Abin da ya fara jan hankalina tun ba mu yi ciniki ba shi ne kwalin waya. Na riga na zagaya na ji farashi, kwalin wayar netwok ajin Cat6 mai mita 305 nasu ya kusa ninka na wasu wurare, sai na ce wa ogan shagon, Injiniya wanga kuɗi fa, zinari anka sa ciki? Bai yi gardama da ni ba, ya ce Alhaji zauna in gwada maka abu. Ya yanko guntun waya biyu, ɗaya daga kwalinshi ɗaya irin mai arhar nan, ya fere robar ya ɗauko reza ya kankare sili guda guda. Nashi ja ne waje ja ne ciki, ɗayan kuwa ana kankarewa sai ga fari ya fito. Ya kunna laita ya kara musu, na jan ƙarfen ya yi jawur ya tsaya yadda yake, ɗayan nan take ya lanƙwashe ya zube. Wato alminiyam ne anka shafa wa jan ƙarfe sama sama, shi ake kira CCA, kuma shi ya cika kasuwa don ko a hannu ka ɗaga kwalin za ka ji ba nauyi. Alminiyam wutar da yake iya ɗauka wajen kashi 60 cikin ɗari ce ta jan ƙarfe, ga saurin karyewa in an lanƙwasa shi ko an matse shi a soket. Ƙa'idar TIA-568 wadda ita ta raba waya zuwa Cat5e da Cat6 da sauransu jan ƙarfe zalla ta yarda da shi, don haka duk kwalin da ka ga an rubuta Cat6 kuma cikinshi CCA ne, rubutun nan ƙarya ce kawai.

Kuma nan ne nake son 'yan uwa su gane, abin da nake yabo ga shagon ga ba wai sun fi kowa iya hawa tsani ba ne, a'a, suna bin ƙa'ida ne. Waɗanga ƙa'idodi ba mutum ɗaya ya zauna ya ƙirƙiro su ba. Ethernet ɗin da muke amfani da shi, wato tsarin da kwamfutoci ke magana da juna ta waya, Robert Metcalfe ya faro shi a kamfanin Xerox can Amurka a 1973, sannan ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa kwamitin 802 a 1980, sunka amince da ƙa'idar 802.3 a 1983, kuma har yau kwamitin na zama, injiniyoyin kamfanonin da ke gasa da juna a kasuwa su haɗu su yi ta ja-in-ja kan bolt nawa, sili nawa, tsawo nawa, har sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun yarda kafin abu ya zama ƙa'ida. Gudun megabit 100 kan waya ya zo a 1995, gigabit wato megabit dubu kan irin wayar ga tamu ya zo a 1999. Shi ya sa suwic ɗin TP-Link, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa cikinshi, da laftof ɗin HP ta hannu da kyamarar Hikvision suke jin maganar juna ba tare da kowa ya roƙi kowa ba. Kamar tiya ce a kasuwa, in kowa ya zo da tashi wadda ya bubbuge wa gindi to ciniki ya lalace. Mutane sun ɓata shekaru suna daidaita abin nan, sai mai jan waya ya zo ya rushe shi a mita goman ƙarshe, wannan na ci mini rai ƙwarai.

Misali jerin kala. Wanda ya fara ja muna waya tun farko kafin shagon ga cewa yake ai kala ba ta da amfani, in dai kan nan da kan can sun zo iri ɗaya shi ke nan. Kuma haka yaran gari da yawa sunka ɗauka, don ƙaramar tastar nan mai fitilu takwas za ta nuna maka ɗaya zuwa takwas duk sun kama. Amma ba haka abin yake ba. Cikin wayar sili takwas ne, biyu biyu an murɗe su tare, kuma murɗin nan shi ke kashe hayaniyar wutar da ke shigowa daga waje, don saƙo ɗaya ne ke bi ta silin biyu kishiyar juna, duk abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan daidai sai ya soke kanshi. To ƙafa ta 3 da ta 6 a kan RJ45, wato kan robar da ake matse wa waya a jona ta, dole su zama 'yan murɗi ɗaya, shi ya sa a tsarin T568B ake jera fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, ka ga koren ya tsallake shuɗi biyu. In ka jera su bi da bi yadda sunka fito ka raba ma'aurata, gajeriyar waya za ta yi aiki ka ce lafiya lau, doguwa kuwa sai ta dinga yankewa tana dawowa, kai ta zagin kamfanin intanet alhali matsalar na cikin wayarka. Haka muka sha fama lokacin rajistar jarabawa, yara cike da ɗaki, kwamfutocin layin baya na ta faɗuwa.

Yaran shagon ga na tsaya kansu ina kallo. Ƙaramin cikinsu wanda bai wuce sakandare da daɗewa ba, ya fere waya ya warware murɗin ya yi tsawo, ogan ya duba ya ce yanke ka sake, bai kamata warwarar ta wuce milimita 13 ba, kuma robar waje sai ta shiga cikin kan ta yadda matsewar za ta kama ta. Yaron ya yanke ya sake ba musu. Kowace waya sun liƙa mata lamba kai biyu, lambar da ke bango ita ke wurin suwic, sunka rubuta mini a takarda wace lamba ke zuwa wane tebur. Da sunka gama duk kwamfutocin da katinsu ke ɗaukar gigabit sun nuna gigabit, a da kuwa wasu kan 100 suke tsayawa, dalili kuwa megabit 100 sili huɗu kawai yake buƙata, gigabit sai takwas ɗin duka sun kama, in ɗaya ya saki sai na'urorin su sauko ƙasa shiru ba wanda ya gaya maka.

Sai batun zafi, wanda a nan ne na tabbatar mutumin ya san garin da yake aiki. Ƙa'ida ta ce waya ɗaya kada ta wuce mita 100, wato 90 cikin gini sai 10 na gajerun wayoyin da ke kai biyu. Amma lissafin nan a kan zafi digiri 20 anka yi shi, in zafi ya hau saƙon na ƙara raunana kuma dole a rage tsawo. To mu nan daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana haura 40, balle tsakanin kwano da silin da tsakar rana. Akwai ofis ɗinmu na baya da wayarshi za ta kusa kai iyaka, ya ce shi ba zai ja ta haka ta cikin rufi ba, sai dai a sa ƙaramin suwic a tsakiya a raba tafiyar biyu. Duk inda waya ta bi ta silin ya zura ta cikin fayif saboda kusu, ya nisanta ta da wayar wuta, wadda ta fita waje kuma ya sa baƙar nan mai jure rana, don ta cikin ɗaki in rana ta dake ta robar bushewa take ta farfashe.

Kyamarori kuma ta wayar netwok ɗin suke shan wuta, abin da ake kira PoE, babu wata caja kusa da su. Nan ma akwai ƙa'ida, 802.3af ta 2003 tana ba da wat 15.4, 802.3at ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 wato 802.3bt ta kai har 90. Abin da ya burge ni da mai bin ƙa'ida shi ne suwic ɗin ba ya sakin wuta sai ya fara gwada abin da anka jona ya ga ko mai shan wuta ne, don haka ko yaro ya yi kuskure ya jona laftof a ramin kyamara ba abin da zai same ta. Akwai masu arha da ke tura bolt 24 kai tsaye ba tambaya, Injiniya ya ce yana saida su ga masu eriyar da ke buƙatarsu amma ba zai sa su a ɗakin da ɗalibai ke cire waya suna mayarwa ba. Kuma nan CCA ke fi cutarwa, wutar na zubewa a hanya, da rana kyamara na aiki, da dare in fitilunta na gani cikin duhu sun kunna ta ƙara jan wuta sai ta mutu ta tashi, daidai lokacin da ka fi buƙatarta.

To yanzu inda sunka gaza. Na ɗaya alƙawari, in sun ce gobe da safe ka sa ran bayan la'asar, ko ma wata goben, don ogan shi kaɗai ke duba aiki kuma yana da wurare da yawa, waya ma ba kullum yake ɗauka ba. Mai sana'a irina da ya rufe ɗaki yana jira wannan asara ce. Na biyu ba su da babbar na'urar gwaji irin ta Fluke mai auna waya ta fitar da shaidar cewa ta cika Cat6, ƙaramar tasta ce gare su sai gwaji da laftof. Ga ɗakina ya wadatar, amma banki ko asibiti da ke son takardar shaida kan kowace waya sai sun nemo wani ya auna.

Na uku shi ne sola, kuma shi ya fi ba ni haushi. Inbatarmu da batirin lithium suna magana da juna ta wata waya, batirin na gaya wa inbata cajin da ya rage da wutar da zai iya karɓa. Ramin irin na netwok ne sak, RJ45, amma abin da ke bi ciki ba Ethernet ba ne, wani tsarin aika saƙo ne daban, ko dai CAN wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fitar a 1986 don motoci, ko RS485 wanda yawanci yaren saƙo na Modbus ke hawa kai, Modbus ɗin kuma tun 1979 yake. Matsalar ita ce ƙa'idar CAN ta faɗi yadda saƙo ke tafiya kan sili biyu da rezisto mai om 120 a kowane ƙarshe, amma ba ta tilasta wa masu ƙera batir wace ƙafa za su sa ba, wasu 4 da 5, wasu 7 da 8, kuma yaren saƙon ma kowane kamfani da nashi. Yaransu sunka ɗauko wayar netwok ta yau da kullum sunka jona, inbata na ta kuka tana nuna ba ta ga batir ba, su kuma sun dage wai batirin ne ke da matsala. Sai da na matsa anka buɗe littafin na'urorin biyu, anka duba ƙafafun, anka matse sabuwar waya daidai da su, anka zaɓi yaren batirin a saitin inbata sannan ta gan shi. Mutanen da ke ƙirga milimita a wayar netwok bai dace su yi kirdado a wurin da batir mai tsada yake ba, na gaya wa Injiniya haka baki da baki, ya karɓa kuma bai caje ni kuɗin wannan ba.

Kebul ɗin USB-C da ke rataye a shagon ma ba su bambance su ba, duk a ƙusa ɗaya, alhali wani caji kawai ya iya da gudun USB 2.0 wato megabit 480, kuma mai ɗaukar sama da wat 60 sai wanda ke da ɗan cif a cikin kanshi. In na laftof kake nema ka je da ita a gwada gabanka.

Mai gida da ke son intanet a falo da ɗaki biyu ba ya buƙatar wanga kashe kuɗi, rauta mai kyau ta ishe shi. Amma makaranta, cibiyar jarabawa, kemis babba, otal, duk wanda zai binne waya cikin bango ya shafe da siminti, ina ganin ya je wurinsu ko wurin irinsu, ya ce a kankare mishi sili ya gani da idonshi, a rubuta jan ƙarfe zalla a rasit, a sa lamba kan kowace waya, kuma kada ya biya cikon kuɗi sai ya ga gigabit a allon kwamfuta. Aikin da ya rage muna shi ne haɗa ginin da ke tsallaken fili, shi kuma Injiniya ya ce kada mu ja jan ƙarfe ta sararin sama tsakanin gini biyu saboda tsawar damina na iya biyo ta ta ƙone suwic kai biyu, faiba za a sa tunda gilashi ce ba ta ɗaukar wuta. Su zan ba aikin in sha Allah, amma sai mun rubuta ranar gamawa a takarda kafin in ba da kafin alƙalami.