Hattara da masu sayar da "tsofaffin kwalaben Mullard" da sunan maganin gurnanin amfilifaya

Masu kaɗa jita da ke amfani da amfilifaya mai kwalba (wato tube ko valve, 'yan kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti), irin su Fender da Marshall da Vox, ku buɗe ido. Akwai wasu mazambata a Facebook da WhatsApp da ke fakon duk wanda ya koka cewa amfilifayarsa na gurnani ko tsuwa. Nan take za su biyo ka da saƙo: "Maigida, kwalabenka ne suka mutu gaba ɗaya. Muna da na asali, Mullard ɗan Ingila, tsohon ajiya da ba a taɓa kunnawa ba. Turo kuɗi mu sa a mota." Ko ƙarar ba su ji ba, amma har sun gano cutar.

Wani abin da suke aikowa kwalba ce ta zamani mai araha, an goge sunanta an buga na Mullard ko Telefunken ko RCA. Wani kuma tsohuwa ce da ta gama aiki, aka wanke ta aka sa a sabon kwali. Harkar ta ƙara kasuwa tun 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kwalabe suka yi tsada, domin masana'antar Saratov ta Rasha na cikin 'yan kaɗan da suka rage a duniya. RCA ta daina ƙera irin waɗannan kwalabe tun 1976, to wanda ya ce yana da katan-katan a farashin banza, daga ina? Mullard na gaske, na masana'antar Blackburn ta Ingila, yana da ƙananan haruffa da aka ƙona a jikin gilashin can ƙasa, ba sa goguwa. Telefunken kuwa tana da 'yar alamar lu'ulu'u a gindinta, tsakanin ƙafafu. Har yau ana yin sababbin kwalabe da sunan Mullard a Rasha, kuma halal ne. Zambar ita ce a sayar maka da su a matsayin tsofaffin Ingila. In kuma ka ga tabo mai launin azurfa da ke cikin kan kwalba ya koma fari fat, iska ta shiga, ta mutu.

Abin haushin shi ne sau da yawa laifin ba na kwalba ba ne. Zare wayar jita daga amfilifaya. In ƙarar ta ɗauke, to matsalar tana jitar, ko wayar, ko cajar waya da fitilar da ke kusa. In ba ta ɗauke ba, rage murya zuwa ƙasa. Ƙarar da ke raguwa tare da murya daga sashen farko take fitowa, galibi ƙaramar kwalba 12AX7 guda ɗaya. Ƙwanƙwasa kowace ƙaramar kwalba a hankali da fensir. Wadda ta amsa da ƙara kamar ƙararrawa a lasifika, ita kaɗai za ka canza. Gurnanin da bai damu da murya ba kuwa, saurari kaurinsa. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka gurnani mai kauri sosai yakan nuna matsalar wayar ƙasa, wato earth. Wanda ya ɗan fi siranta, ninki biyu na wancan, yawanci manyan kafasita masu tace wuta ne suka bushe, kuma ko kwalbar zinariya ka sa ba zai tafi ba. Ƙaraf-ƙaraf lokacin murɗa maɓalli datti ne kawai.

Akwai kuma ɗan'uwansu, mai gyaran da zai cire ƙafar wayar ƙasa ta filogi, gurnani ya ragu, ya karɓi kuɗinsa. Wannan ya fi na farko mugunta, don igiyoyin jitarka a haɗe suke da ƙarfen amfilifaya. Makaɗin jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, mawaƙi Keith Relf kuma a gidansa a 1976, duk wutar kayan kiɗa marasa ingantacciyar wayar ƙasa ce ta kashe su.

Kada ka buɗe cikin amfilifaya da kanka, kafasita kan riƙe fiye da bolt 400 ko bayan an zare filogi. Kai wa mai gyaran da zai kunna ta a gabanka, ya nuna maka abin da ya lalace, ya kuma mayar maka da tsofaffin kwalabenka a hannu, domin wasu musanya su suke yi su sayar wa na gaba.