YouVersion a wayar Kiristan Yamai: Littafin ya yi, tunanin safiya kuwa da saura

Duk wanda ke cikin rukunin WhatsApp na majami'a a Yamai ya san hoton nan da ke shigowa tun gari bai gama wayewa ba: aya ɗaya a kan hoton dutse ko faɗuwar rana, sai "Amin" su biyo baya a jere. Da yawa daga cikin hotunan nan daga manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion suke fitowa. Wata majami'a ta Amurka, Life.Church da ke jihar Oklahoma, ita ta fitar da ita a 2008, kuma zuwa 2021 an sauke ta fiye da sau miliyan 500. Kyauta ce, ba talla a cikinta. A matsayin Littafi Mai Tsarki na aljihu, da wuya a sami wadda ta fi ta. A matsayin abin da zai ba ka gajeren tunani na safiya wanda ya san kasuwar Katako da farashin tiyar hatsi kuwa, ba ta kai ba, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya jingina ibadarsa a kanta.

Wajen saukewa ake fara tuntuɓe. Idan ka rubuta sunan Littafi da Hausa a Play Store, manhajoji da yawa za su fito masu kama da juna, wasunsu cike da talla da ke tsallo a tsakiyar karatu. Ka dubi sunan mai ita a ƙarƙashin hoton, Life.Church za ka gani. Iri biyu ne: babbar, da ƙaramar da ake kira Bible App Lite, wadda aka yi domin wayoyin Android masu ƙarancin wuri da wuraren da rezo ke wahala. Mai ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno da ta cika da hotuna da bidiyo, ƙaramar ta fi masa. Karɓar ta ta Xender daga wayar wani yakan yi, amma sau da yawa ƙwarangwal ɗin kawai ke zuwa, fassarorin da mai wayar ya sauke ba sa biyowa.

Abu na farko bayan buɗewa shi ne sauke fassara a cikin wayar. Ana taɓa gajeren sunan fassara da ke saman shafi, a zaɓi harshe, a nemi Hausa, a danna alamar saukewa. Wanda ya tsallake wannan zai ga komai lafiya muddin yana da forfe, sai ranar da forfe ya ƙare ko rezo ya ɗauke, a tsakiyar sujada ya tarar da shafi fari fat. Rubutu ba ya cin data sosai, sau ɗaya ne ka huta. Sauraron murya shi ke cinye forfe, don haka mai son saurare ya jira inda akwai wifi. Abu na biyu, a buɗe asusu da imel. Ba dole ba ne don karatu, amma ayoyin da ka shafa wa launi da ɗan bayanin da ka rubuta a asusun suke zama, ko waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, suna nan.

Fassarar Hausa biyu aka fi amfani da su a ciki. Akwai Littafi Mai Tsarki, wanda kunnen yawancin masu zuwa majami'a ya saba da shi, akwai kuma Sabon Rai Don Kowa, mai sauƙin Hausa. Sunayen littattafai sun ɗan bambanta, abin da ke rikita sabon shiga: Yahaya a ɗaya Yohanna ne a ɗayan, Mai Hadishi kuma Mai Wa'azi. Dattawan da suka tashi da tsohuwar fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller ya ja ragamarta, har yanzu Misalai suke cewa inda sababbin suka ce Karin Magana. Dukansu da Hausar Najeriya aka rubuta su, saboda haka mai karanta wa tsohuwa ƴar Adar ko ta Arewa zai riƙa tsayawa yana juya wata kalma zuwa bakinta. Haka ma wurin neman kalma: mu a nan ƴaƴa muke rubutawa, su kuwa 'ya'ya. Idan ka nemi kalma ba ta fito ba, ka gwada rubutunsu, ka kuma sa haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Gboard yana da madannan Hausa.

Wurin da manhajar ta yi wa mutumin Yamai rana shi ne kwatanta fassara. Ka taɓa aya, ka zaɓi kwatantawa, sai ga Hausa da fassarorin Faransanci na Louis Segond da Parole de Vie a jere. Wanda ya yi lakkol da Faransanci amma yake addu'a da Hausa ya san darajar wannan. Sai dai a kula da Zabura. Louis Segond yakan ƙirga rubutun da ke saman zabura a matsayin aya, don haka lambobi kan zame. Ayar da Hausa ta sa a 46:10 tana 46:11 a can, a Zabura 51 ma tazarar aya biyu ce, alhali Zabura 23 daidai suke. Fasto ya kira lamba daga littafinsa na Faransanci, jama'a su buɗe na Hausa su ga wata magana dabam, daga nan matsalar take.

Ayar rana, wadda manhajar ke turowa kullum, tana zuwa a lokacin da ka zaɓa. Idan ta yi kwana biyu ta daina, yawanci ba laifin manhajar ba ne: wayoyin Tecno da Infinix da itel suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, musamman idan an kunna yanayin tattali saboda ɗaukewar kuran a lokacin zafi. A shiga saitin batir a cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa.

To, mu zo kan tunanin safiyar, wanda shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke sauke ta. Akwai tsare-tsaren karatu dubbai, wasu na kwana 3, wasu na 7, wasu na shekara guda. Kowace rana ɗan rubutu ne da ayoyi biyu ko uku. An tsara su da kyau, ana iya bin su tare da abokai, kowa ya rubuta abin da ya gani. Amma mafi yawansu da Ingilishi ne, Faransanci na biye, na Hausa kuwa kaɗan ne. Kuma ko an fassara, ƙasar da aka rubuta su tana nan manne da su. Misalansu na dusar ƙanƙara ne, da bashin sayen gida, da kofi a kan hanyar ofis. Ba ƙarya suke faɗa ba, wasu ma suna da zurfi. Amma matar da ke lissafin zubin adashe da kuɗin makarantar yara a wata ɗaya, ko ɗan kabu-kabun da zai kai wa mai babur kuɗinsa da yamma ko an samu ko ba a samu ba, sai sun yi wa rubutun fassara ta biyu a zuciyarsu kafin ya taɓa su.

Ayar rana ma tana da nata haɗarin, don an yanko ta ne daga jikinta. Irmiya 29:11, mai maganar shirin alheri da Allah yake da shi, ana yawan tura wa mai neman aiki ko biza kamar alkawarin mako mai zuwa. Ka ja sama kaɗan ka ga wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, aya ta 10 kuma ta ce sai shekara 70 sun cika. Aya ta 5 zuwa 7 ta ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki su yi masa addu'a. Ga Kiristan da ke zaune tsakanin maƙwabta Musulmi a Yantala ko Talladje, wannan sashen ya fi ayar da ke kan hoton amfani nesa ba kusa ba. Filibiyawa 4:13 ma haka: mutumin da ke ɗaure ne yake cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, ba maganar cin jarrabawa yake yi ba. Maganin yana cikin manhajar kanta, taɓa ayar kawai za ka yi surar ta buɗe gaba ɗaya. Mutane ne ba sa taɓawa, sai turawa.

Abin da ya fi aiki shi ne a ɗauki manhajar a matsayin Littafi, tunanin kuma a yi shi a gida. Karin Magana sura 31 ce, ta yi daidai da kwanakin wata: ranar 11 ka karanta sura ta 11, watan da ya tsaya a 30 ka haɗa biyu a ranar ƙarshe. Minti 10 sun isa. Sura 1 zuwa 9 dogon gargaɗi ne na uba ga ɗansa, daga ta 10 ne gajerun maganganu ke farawa, a nan ne za ka zaɓi aya ɗaya tak, ka kwatanta ta a fassara biyu, ka tambayi kanka wa ta shafa yau a unguwarku.

Ɗauki surar ta 11 ɗin. Aya ta farko tana maganar ma'aunin algus, cewa abin ƙyama ne ga Ubangiji. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo ya san yadda abin yake: tiyar da aka ɗan buga gindinta ta shige ciki, hannun da ke tare hatsi a gefe lokacin saye ya janye lokacin sayarwa, tiya ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa, wadda 20:10 ta ambata kai tsaye. Tunani mai kyau ba zai tsaya kan ɗan kasuwa ba, zai tambayi tela nawa ya rage a yadin mutane, ma'aikaci kuma ƙarfe nawa ya iso ofis. Sai aya ta 26, mai cewa jama'a kan la'anci mai ɓoye hatsi. Nan ake son hankali. Da aka rufe iyaka da Benin bayan Yulin 2023 kaya suka yi tsada, ayar ta zama abin jifa a bakin mutane. Amma Yusufu ma ya tara hatsi shekara 7 a Masar, a Farawa 41, kuma shi ne ya ceci ƙasa. Manomin da ya cika rumbu da kaka don iyalinsa su kai damina bai yi laifi ba, Karin Magana sura ta 6 ma ta yaba wa tururuwa kan haka. Wanda ayar ke nufi shi ne mai kulle sito yana jiran yunwa ta ƙara masa riba. Tunanin da bai raba waɗannan biyun ba zai sa mai tattali jin kunya a banza, mai ɓoyewar kuma ya ce ai ba da shi ake ba.

A tuna kuma karin magana ba alkawari ba ne, kamar dai namu na Hausa. Sura ta 26 aya ta 4 ta ce kada ka amsa wa wawa, ta 5 ta ce ka amsa masa. Ba saɓani ba ne, sanin lokaci ne.

Ɗora aya a kan labarin da ke yawo shi ya fi kowane santsi. Lokacin ambaliyar 2020 da ta 2024, da kogin Kwara ya shiga gidajen mutane, ba a rasa masu rubuta cewa hukunci ne kan zunubin wasu ba. Luka 13 ya riga ya amsa wannan. An kawo wa Yesu labarin da ke bakin kowa, shi kuma ya ƙara da na hasumiyar Siluwam da ta faɗi ta kashe mutum 18, ya ce kada a zaci sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya juya maganar kan masu sauraro. Mai rubuta tunani kan labari ya bi wannan sawun. Kafin ma ya rubuta, ya tabbatar labarin gaskiya ne: Karin Magana 14:15 ta ce marar wayo ne ke gaskata kowace magana, 18:17 kuma ta ce wanda ya fara kai ƙara shi ke da gaskiya sai abokin shari'arsa ya iso. Ban da haka Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma liƙa aya a ƙarƙashin jita-jita ba ya wanke wanda ya tura ta.

Wanda zai tura wa rukuni ya tsaya a layi biyar ko shida: ayar da lambarta da sunan fassarar, abin da ke kewaye da ita a jimla ɗaya, misali ɗaya na gida, addu'a gajera. Hoton aya yana da kyau a ido, amma ya fi rubutu cin data da wuri, shi ya sa wayoyin iyayenmu ke cika har su daina karɓar saƙo. Ga waɗanda ba sa karatu, a gida ko can Tawa da Galmi, saƙon murya na minti biyu ya fi komai isa: a karanta ayar daga manhajar a hankali, a maimaita ta, sannan a yi bayanin da Hausar da mai sauraro yake ji.