Wata Shida da Littafin Tsara Lokaci na Iyaye Mata

A ƙarshen watan Disamba na 2024 ne wata abokiyar aikina ta nuna mini wani littafi da take ajiyewa cikin jakarta tare da rajistar aji, ta ce wata baiwar Allah ce a nan cikin Katsina take tsara shi da Hausa, ta kai a buga mata, sannan ta riƙa sayarwa ta WhatsApp. An yi shi ne domin matan aure masu ƴaƴa, waɗanda suke da burin da suke son cimmawa amma hidimar gida ta hana su sakat. Ni malamar firamare ce, ina da yara huɗu, ƙaramarsu a lokacin tana da wata bakwai, saboda haka ban tsaya dogon tunani ba na tura naira 6,500, washegari ɗan acaɓa ya kawo mini shi har ƙofar gida a wajen Ƙofar Marusa. Na yi amfani da shi daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni na 2025, kuma ina ganin wata shida sun isa mutum ya faɗi ra'ayinsa ba tare da ya zalunci mai kaya ba.

Bangonsa mai kauri ne, an ɗaure shafukan da waya mai murɗi, don haka yana buɗewa ya kwanta a kan tabarma ba sai an danne shi ba. Takardar ciki kuwa ba ta da kauri, biro mai zubar da tawada yana ratsawa har bayan shafi, kuma girmansa ya fi ƙarfin ƙaramar jakar hannu. Waɗannan ƙananan aibobi ne, ban damu da su ƙwarai ba.

Shafukan farko su ne na rubuta buri, kuma marubuciyar ta taƙaita su zuwa uku kacal a shekara. Da farko na ga kamar rowa ce, domin a raina ina da abubuwa sun fi goma, amma daga baya na gane hikimar. A ƙarƙashin kowane buri akwai tambayoyi biyar: mene ne takamaiman abin da kike so, da me za ki auna shi, shin yana cikin ikonki, me ya sa ya dame ki, kuma yaushe za ki gama. Duk wanda ya taɓa zama a bitar malamai zai gane cewa wannan shi ne tsarin da Turawa suke kira SMART, wanda George Doran ya fara wallafawa a 1981 domin manajojin kamfanoni, ko da yake an ɗan sauya wasu daga cikin tambayoyin a tsawon shekaru. Marubuciyar ta fassara shi da Hausa mai daɗi, babu inda mutum zai yi tuntuɓe. Na rubuta nawa guda uku: in haddace izu biyu daga Tabaraka, in tara kuɗin keken ɗinki, in kuma kammala shirin neman gurbin digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda take da cibiyar karatu a nan Katsina, tunda takardar NCE ce kawai a hannuna shekara tara ke nan.

Tambayar awo ita ce ta fi yi mini amfani, kuma a kan hadda na ga hakan ƙarara. Shekara da shekaru ina cewa ina son in ƙara hadda, amma ban taɓa zama na ƙirga abin da nake magana a kansa ba. Da littafin ya tilasta mini in rubuta adadi, sai na ɗauko Alƙur'ani bugun Madina na duba: daga Suratul Mulk zuwa Mursalat surori 11 ne, shafi 20, kowane shafi layi 15, wato kusan layi 300. Idan na ɗauki layi uku a rana, aikin kwana ɗari ne. Abin da na daɗe ina kallo kamar dutse sai ya koma layi uku, wanda nake iya bitarsu ina jiran ruwan kunu ya tafasa.

Inda marubuciyar ta nuna ta san gidan Bahaushe shi ne shafin kowace rana. Ba ta raba yini da awoyi ba, ƙarfe bakwai, ƙarfe takwas, kamar yadda dayarin ofis yake yi. Ta raba shi da salloli: bayan Asuba, hantsi zuwa Azahar, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Isha'i, sai bayan Isha'i. A gaban kowanne akwai layi guda da aka fara da "idan na idar da sallah, zan...", mai littafi ta ƙarasa. Uwa mai goyo ba ta da iko da ƙarfe goma na safe, domin ba ta san ko a lokacin tana wanke kashin yaro ba ne ko tana bin layin awo, amma sallah dai za ta yi ta ko ana ha-maza-ha-mata, saboda haka duk aikin da aka ɗaura a jikin sallah ya sami turke. Masana halayyar ɗan Adam sun yi rubutu a kan irin wannan dabara, musamman Bajamushen nan Peter Gollwitzer, wanda ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi saurin zama aiki a kan niyyar da aka bari a sake. Mu kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma shi ne aka buga a shafin farko na littafin. Layukana uku na ɗaura su a bayan Asuba, kafin yara su tashi, kuma a Janairu da Fabrairu kwana shida kawai na tsallake.

Sai azumi ya zo, littafin ya nuna iyakarsa. Kalandar da ke ciki ta Miladiyya ce zalla, babu watan Musulunci ko a gefe, alhali shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana goma sha ɗaya, kuma rayuwar gidajenmu a kanta take juyawa. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga wata, sannan Katsina tana cikin jihohin da aka ba makarantu hutu a watan, don haka yara suna gida tun safe har dare. Shafukan Maris kuwa ba su da bambanci da na Fabrairu ko kaɗan. Filin "bayan La'asar", wanda na saba cikewa da karatun takarduna, ya zama lokacin suyar ƙosai da dama kunun tsamiya, filin "bayan Isha'i" ya zama na Tarawihi, ga sahur da ba a yi masa gurbi ba sam. Dole na ɗauki rula da jan biro na sake zana shafi talatin da hannuna. Haka na sake yi a farkon Yuni saboda Babbar Sallah da aikin nama. Littafin da aka raba kwanakinsa da salloli biyar bai kamata ya manta da Ramadan ba, kuma wannan shi ne babban abin da nake tuhumarsa da shi.

Aibi na biyu ya fi wannan zurfi, domin ba a gyara shi da rula. A ƙarshen kowane mako akwai akwatunan da ake sa wa alama, sannan a ƙasa a rubuta "kwana nawa kika cika alƙawari?" Tambayar tana ɗauka cewa lokacin mace nata ne, ita take rabawa yadda ta ga dama. Wata Asabar a cikin Afrilu na shimfiɗa takarduna bayan La'asar, na rubuta cewa zan cike fom in haɗa hotunan shaidar karatu, sai ga sallamar surukata, ta zo daga Daura ba tare da ta aiko ba. Na tashi na karɓi mayafinta, na durƙusa na gaishe ta, ta dubi tabarmar ta ce, "Ƴar nan, jarrabawa ake yi ne a gidan?" Na ce, "A'a Hajiya, ƴan rubuce-rubuce ne kawai, bari in kawo miki ruwa." Kwana huɗu ta yi, a ciki muka je gaisuwar rasuwa a Ƙofar Sauri da suna a Ƙofar Ƙaura. Da na dawo kan littafin, akwatuna huɗu ne a jere babu alama, suna kallona kamar na yi laifi, alhali abin da na yi a kwanakin nan shi ne zumunci, wanda ba na jin akwai burin da ya fi shi daraja. Mako biyu na yi ban buɗe shi ba saboda haushi. Da marubuciyar ta ware gurbi guda a mako na baƙi, biki, jinya da ta'aziyya, da mace za ta ga cewa makonta cike yake, ba fanko ba.

Shafin kuɗi yana da kyau matuƙa, kuma ban ga irinsa a wani dayari ba. An yi masa layin zubin adashi, da ranar ɗauka, da layin kuɗin makaranta zango uku, da na cefane. Ina zuba naira 5,000 duk mako, kuma ganin adadin yana hawa a rubuce ya hana ni taɓa kuɗin sau biyu da aka fitar da ankon biki. Sai dai ya kamata a ƙara layin da za a riƙa sabunta farashin abin da ake tarin dominsa, saboda tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin kaya ba ya zama wuri ɗaya, kuma keken da aka yi mini cinikinsa a Babbar Kasuwa a Janairu ba haka na same shi a Yuni ba. Akwai kuma ƙaramin jadawalin rigakafin yara, na haihuwa, na mako 6, 10 da 14, na wata 9 da na wata 15, wanda ya tuna mini da allurar ƙyanda ta ƴar autata a daidai lokacin da hidimar azumi ta kusa mantar da ni.

Duk wadda ta sayi littafin ana saka ta a wani zauren WhatsApp, inda aka ce za a riƙa bitar mako duk ranar Juma'a. Makonni biyar na farko an yi, daga nan zauren ya koma kasuwar atamfa da turaren wuta, na rufe sautinsa.

A ƙarshen Yuni na haddace surori tara cikin goma sha ɗaya, kuɗin keke ya haura rabi, fom ɗin jami'a kuwa yana nan ban miƙa ba, kuma wannan laifina ne, ba na littafin ba. Macen da take karatu da rubutu da Hausa, take da buri ɗaya ko biyu da za a iya ƙirgawa, za ta ci moriyar kuɗinta. Wadda take cikin jego, ko take jinyar tsoho a gida, gara ta dakata, domin akwatunan nan za su ƙara mata damuwa ne kawai. Na tura wa marubuciyar saƙon murya na ce, "Malama, don Allah a bugu na gaba a sa mana watan Musulunci, a ware wa azumi shafukansa, a kuma bar mana gurbin baƙi." Ta amsa da cewa ba ni ce ta farko da ta faɗi haka ba, kuma tana dubawa. Idan na ga an sa su zan sake saye, idan kuwa ba a sa ba, na riga na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin da rula, zan zana nawa a kan tsarin sallolin da na koya daga gare ta.