Bututun iska a gidajen Amurka: inda sanyi da kuɗi suke zurarewa

Assalamu alaikum mutanen gida. Wanda ya saba da na'urar sanyaya ɗaki irin ta Kano ko Maraɗi, wadda ake maƙalawa a bango a ja bututun tagulla zuwa waje, idan ya shiga gidajen unguwannin bayan gari a Amurka zai dudduba bango bai ga komai ba. Sai 'yan ƙananan tagogi masu raga a daɓe ko a silin, iska na fitowa ta cikinsu. Inji ɗaya ne ke hidimar gidan gaba ɗaya. Da hunturu murhun gas ya ɗumama iska, da bazara na'urar sanyi ta sanyaya ta, fanka guda kuma ita ke tura ta cikin bututai zuwa kowane ɗaki, wasu bututan su dawo da ita. A jihohi irin su Ohayo da Merilan, injin yawanci yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bututan kuma na farin kwano ne. A kudu, wajen Teksas da Jojiya, an fi cusa komai a saman silin, ƙarƙashin jinka, da bututu mai lanƙwasa da ake kira fileks. Abin da ya sauƙaƙa musu wannan tsari shi ne gidajen na katako ne, bangon fanko ne a ciki, ba bulo da siminti irin namu ba.

Mai gida a nan idan ɗakin sama ya ƙi sanyi, abin da ya fara zo masa shi ne injin ya tsufa ko ya yi ƙarami. Kamfanoni kuwa ba sa ƙin wannan zato, don sayar da sabon inji ya fi riba. Amma sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, hanyar iskar ce ta lalace. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututai tana zurarewa ta ɓuloli da mahaɗai marasa kyau. Kamar mai ɗiban ruwa da hujajjen bokiti ne: ƙara girman rijiya ba zai cika randa ba.

Ga lissafin da komai ya rataya a kai. Ƙarfin sanyi a nan da tan ake auna shi, tan ɗaya BTU (ma'aunin yawan zafi) 12,000 ne a awa, wato kusan abin da a kasuwar gida ake ce wa hos ɗaya da rabi. Kowane tan yana buƙatar iska kimanin kubik ƙafa 400 a minti, abin da ake rubutawa CFM. Gida mai inji tan 3 ke nan sai iska CFM 1,200 ta fita, kuma sai 1,200 ɗin ta dawo. Bututun kwano mai faɗin inci 6 yana ɗaukar wajen CFM 100, fileks mai wannan faɗi ƙasa da haka. Tagar da iska ke komawa ta ciki ana ba ta kamar inci murabba'i ɗaya ga kowace CFM 2, saboda haka taga mai inci 20 sau 20 iyakarta wajen CFM 800. Gidaje da yawa masu tan 3 irin wannan taga guda ɗaya ce kawai a falo. Injin yana shaƙewa tun ranar da aka kafa shi, ba wanda ya sani.

Shi ya sa ma'aikacin kirki ba ya fara da zancen farashi, yana fara da awo. Zai huda ƙananan ɓuloli biyu a jikin injin, ɗaya kafin fanka ɗaya bayanta, ya soka na'urar auna matsin iska. Yawancin injuna an ƙera su ne su yi aiki a matsin rabin inci na ruwa, 0.5, wato matsin da zai ɗaga ruwa rabin inci a cikin bututu. Idan aka ga 0.8 ko 1.0, to akwai inda ya toshe ko ya yi ƙunci. Abin da ke biyo baya sananne ne. Da bazara iska ba ta isa koyil ba, wato naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya ta, sai ya yi ƙanƙara, ruwa ya tsiyayo, wani lokaci kwamfuresa ta tafi. Da hunturu murhun ya yi zafi fiye da kima, makunnin kariya ya riƙa kashe shi yana kunnawa, a kwana a tashi tukunyar ƙarfen da wuta ke ci a cikinta ta tsage. Tsohuwar fanka idan ta gamu da matsi sai ta rage iska kawai. Sabuwar, mai sauya gudu da kanta, dagewa take yi, ta sha wuta, ta yi ƙara, ta ƙone da wuri, kuma kuɗinta ya ninka na tsohuwar. Saboda haka ɗora sabon inji a kan matsattsun bututai asara ce biyu.

Awo na biyu na yoyo ne. Ana liƙe duk tagogin iska, a haɗa wata fanka ta gwaji, a hura bututan zuwa faskal 25 (wani ma'aunin matsi ne), a ga yawan iskar da sai an riƙa ƙarawa don matsin ya tsaya a haka; ita ce yawan yoyon. Jihohin da suka ɗauki ƙa'idar gini ta tsimin makamashi ta 2012 zuwa sama suna iyakance sabon aiki a CFM 4 ga kowace ƙafa murabba'i 100 ta daɓen gida. Gida mai ƙafa murabba'i 2,000 ke nan kada ya wuce CFM 80. Tsofaffin gidaje kan ninka wannan sau da dama.

Toshe yoyo shi ne gyaran da ya fi araha kuma ya fi amfani, a nan ne kuma aka fi yin shirme. Akwai wani salatif mai ruwan toka da sunansa ma na bututun iska ne, kowane gida yana da shi, amma bai dace da wannan aiki ba. A 1998 masu bincike a ɗakin gwaji na ƙasa na Lawrence Berkeley a Kalifoniya, Max Sherman da Iain Walker, sun gwada kayan liƙi iri-iri da zafi da sanyi, wannan salatif shi ne ya faɗi warwas: gam ɗinsa bushewa yake ya saki. Abin da ake amfani da shi mastik ne, wani farin kwaɓi mai kauri da ake sayarwa a bokiti a shaguna irin su Home Depot da Lowe's, ko kuma salatif na alminiyam mai tambarin gwajin inganci na UL 181 a jikinsa. Kafin a shafa, a goge ƙura da maiƙo, a ɗaure mahaɗar kwano da sukurori aƙalla uku a kewaye, don mastik ba ya riƙe nauyi, rufe kafa kawai yake yi. A shafa da buroshi ko da hannu cikin safa, kaurinsa kamar milimita 2. Inda gibi ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci, sai an shimfiɗa ragar zaren gilas tukuna a shafe ta, in ba haka ba ya bushe ya tsage. A fara daga kusa da inji, don nan matsi ya fi ƙarfi, yoyo ya fi yawa. Sai bakin kowane reshe, sai kuma wurin da mutane ke mantawa: tsakanin akwatin tagar iska da silin ko daɓe, inda magini ya yanka ɓuli ya fi akwatin girma.

Yoyon bututun dawowa ya fi na kaiwa haɗari, ko da yake ba a jin sa. Na kaiwa iska yake zubarwa, na dawowa kuwa zuƙowa yake. Idan a saman silin ne, wurin da zafinsa da rana a Teksas ke haura digiri 55, wannan iska mai ƙura da ɓurɓushin audugar gilas da ake tare zafi da ita, ita yake jawowa cikin gida. Idan a ɗakin ƙasa ne kusa da tukunyar ruwan zafi mai aiki da gas, yana iya janyo hayaƙi ya dawo ta bututun hayaƙi, wato iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari. Mu da muka san abin da janareta a cikin ɗaki ke yi ba ma buƙatar dogon bayani. Tsofaffin magina ma ba bututu suke sawa ba, sararin da ke tsakanin katakai biyu na daɓe suke rufewa da fallen kwano su ce ya zama hanyar dawowa. Irin wannan kowace kusurwa yoyo take.

Fileks kuwa ba shi da laifi, masu sa shi ne da gaggawa. Waya ce murɗaɗɗiya da leda a ciki, audugar gilas a tsakiya, riga mai ƙyalli a waje. Dole a ja ledar ciki ta miƙe sarai, domin idan ta tattare iska karo take da kowace tattara, abin da ya isa ɗaki ya ragu ƙwarai. Yana zuwa a kwali mai ƙafa 25, malalacin ma'aikaci sai ya ƙi yankewa ya bar ragowar a naɗe. Ana rataye shi duk ƙafa 4 da maɗauri mai faɗin aƙalla inci ɗaya da rabi, kada ya lotsa fiye da rabin inci a kowace ƙafa, kuma inda za a yi kwana mai tsanani a sa gwiwar kwano. Wajen haɗawa, ledar ciki ake fara zurawa a kan wuyan kwano, a shafa mastik, a ɗaure da igiyar roba mai haƙora a matse ta da abin matsewa, sannan a jawo auduga da riga su rufe. Wanda ya ɗaure rigar waje kaɗai, bayan shekara biyu bututun zai zame, ya riƙa sanyaya jinka. Audugar da ake nema a saman silin mai lamba R-8 ce, lambar da ke nuna ƙarfin tare zafi. Inda ta yage, bututun sanyi kan yi gumi, ruwan ya ɗiga ya ɓata silin, mai gida ya kira mai gyaran rufi a banza.

Bututan da ke cikin bango, waɗanda hannu ba ya kai wa, akwai hanyar Aeroseal: a toshe tagogi, a hura hazon gam a ciki, ya taru a bakin ɓuloli har ya rufe su. Yana rufe ɓulin da bai wuce kashi biyar cikin takwas na inci ba, kuma yana da tsada. Ba ya gyara bututun da ya cire ko ya yi ƙunci.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Matatar iska mai kaurin inci ɗaya da lamba MERV 13 (ma'aunin ƙarfin tacewa) tana tace ƙura sosai amma tana shaƙe fanka. A sa akwatin matata mai inci 4 ko 5. Ɗakin barci da ba shi da tagar dawowa, da an rufe ƙofa iska ta daina shiga, maganinsa taga mai raga a bango ko guntun bututu ta saman silin zuwa koridon cikin gida. Rufe tagogin iska na ɗakunan da ba kowa ba tsimi ba ne, ƙara matsi ne. Daidaita iska da marufin da ke cikin gindin kowane reshen bututu ake yi. Gidan da aka gina kafin 1980, idan aka ga farar takarda mai kama da kwali a naɗe a mahaɗai, kada a taɓa sai an gwada, tana iya zama asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu.

Ta fuskar ma'aikata, abin ya sha bamban da gida. A can kaya ne da tsada, hannu da araha: mai gyara zai kwance fanka ya kai a sake naɗa mata waya. A nan bokitin mastik bai kai kuɗin cefanen kwana ɗaya ba, amma zuwan ma'aikaci ƙofar gida kawai, kafin ya taɓa komai, wajen dala 100 ne, sauya bututan gida duka kuwa dubban daloli. Ba sa gyara ɓangare, sauyawa suke yi. Abin da suka fi mu shi ne rubutu da awo. Akwai littattafan lissafi na ƙungiyar 'yan kwangilar sana'ar, ACCA: Manual J na auna zafin da gida ke ɗauka, Manual S na zaɓen inji, Manual D na girman bututai. Babban aiki a wurare da yawa sai da izinin hukumar gari, mai duba aiki ya zo ya gani. Taɓa gas ɗin sanyi sai mai takardar shaidar hukumar kare muhalli, EPA. Garantin shekara 10 da ake tallatawa yawanci na kaya ne kawai, ban da kuɗin aiki, kuma sai an yi rajistar injin cikin 'yan watannin farko.

Kada dai a ɗauka kowa na bin littafin. Da yawa da ido suke yanke girman inji, su ƙara tan guda wai don kada a yi ƙorafi, sai injin ya riƙa mutuwa bayan minti kaɗan bai kwashe laimar ɗaki ba. Wasu masu gyaran kamasho suke ci a kan abin da suka sayar. Akwai kuma masu tallar share bututu a dala 99, su shigo su ce sun ga funfuna, kuɗi ya koma ɗaruruwa; ita kanta EPA ta ce ba a tabbatar sharar bututu tana hana wata cuta ba. A nemi farashi daga kamfani uku, a tambayi kowanne nawa ya samu a awon matsi, kuma a sa a takarda cewa za a sake awo bayan aiki.

Abin mamaki, na'urar bango irin tamu a nan ita ce ake yi wa kallon ci gaba. Mini-sifilit suke ce mata, masu hali ke sa ta a ɗakin da bututu ya gaza, kuma kafa guda ɗaya dubban daloli ne. Don haka masu gina gidaje a Abuja da Kano da ke sha'awar sanyi na bai-ɗaya su yi lissafi tukuna. Inji ɗaya na tan 5 ba ƙaramin janareta ko inbata ke tayar da shi ba, alhali na bango ana kunna ɗakin da ake ciki kaɗai. Ƙurar hunturu za ta toshe matata cikin makonni. Inda ba makawa, kamar otal, asibiti ko ɗakin taro, a bi da bututan ta ƙarƙashin rufin siminti a cikin silin ɗin POP, ba ƙarƙashin kwanon rufi ba, a naɗe su da auduga, a shafe mahaɗai kafin a rufe, a kuma bar ƙofar leƙawa kusa da inji da wurin matata, wadda kafaɗar mutum za ta shige.