Hattara da masu gwajin yawu na ciwon mantuwa

Jama'ar Garwa, Marwa da Kusiri, a yi hattara. Wasu na yawo a WhatsApp da Facebook suna tallar gwajin yawu, wai zai gaya maka ko ka gaji ciwon mantuwa ko na karkarwa. Ka tura kuɗi ta Orange Money, mai babur ya kawo 'yar kwalba, ka tofa, ya tafi da ita.

Wata maƙwabciyarmu ta faɗa hannunsu. Mahaifiyarta ta kai ga ba ta gane jikokinta, ita kuma tsoro ya hana ta barci. Ko mako ba a yi ba sakamako ya iso wayarta: hoton takarda da Faransanci, ba sunan ɗakin gwaji, ba sa hannun likita, sai jan rubutu wai tana ɗauke da cutar. A ƙasa kuma ga tallar maganin da "zai wanke ƙwaƙwalwa". Mai gwaji shi ne mai magani. Ai ko makaho ya ga wannan.

Gwajin gaskiya ma bai san gaibu ba. Abin da ake dubawa a ciwon mantuwa na Alzheimer shi ne ƙwayar gado APOE, nau'in e4. Tana ƙara haɗari ne kawai: da yawa na da ita sun tsufa garau, wasu ba su da ita ciwon ya kama su. Ciwon Huntington, wani ciwon gado na ƙwaƙwalwa mai sa jiki fizga, shi ne ke da amsa tsayayya. A 1993 aka gano ƙwayarsa, kuma ɗan mai ciwon rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Shi ya sa likitoci ke zama da mutum kafin gwaji da bayansa, har su tambaye shi ko yana son sani, tunda har yau babu maganin da ke warkar da shi. Mafi yawan masu haɗarin ma ba sa yin gwajin.

Ga batun sirri. Ko 23andMe, sanannen kamfanin gwajin ƙwayoyin gado na Amurka, an sace bayanan mutanensa kusan miliyan 7 a 2023, balle lambar waya marar ofis.

In tsohonka ya fara ruɗewa, kai shi asibiti a duba hawan jini, sukari da magungunan da yake sha, domin wata ruɗewar tana jin magani. Wanda aka turo wa tallar nan kada ya tura gaba, ya toshe lambar. Wanda ya riga ya biya ya ajiye saƙon kuɗin ya kai wa jandarma.