Sandar Dogarawa Mai Jan Lantarki: Abin Dubawa Kafin A Saya Wa Dattijo

A kasuwannin intanet, musamman na Amurka, ana tallar wata sanda ta tsofaffi wadda aka haɗa mata batir da tocila da wasu ƙarafa a ƙasanta, in an danna maɓalli ta yi tartsatsi ta ja duk wanda ta taɓa. Wadda aka fi sani ita ce ZAP Cane ta kamfanin PS Products da ke jihar Arkansas. 'Ya'ya da jikoki kan saye ta, don hankalinsu ya kwanta idan Baba zai fita masallaci da asuba ko Hajiya na kwana ita kaɗai a gida. Niyyar mai kyau ce. Sai dai faɗuwa ta fi ɓarawo yawan kwantar da tsoho a asibiti, don haka a fara auna wannan kaya a matsayin sanda, sannan a zo kan wutar.

A fara da tsawo. Dattijo ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, ya saki hannunsa ƙasa. Mariƙin sandar ya zo daidai wuyan hannunsa, ta yadda in ya riƙe, gwiwar hannun za ta ɗan lanƙwashe kamar digiri 15 zuwa 20. Sandar ZAP ana tsawaita ta daga inci 32 zuwa 36, wato wajen santimita 81 zuwa 91. Wannan tazara ba ta da yawa. Gajeriyar tsohuwa za ta iske ta yi mata tsawo, kafaɗarta ta ɗage ta fara ciwo, dogon mutum kuma ya riƙa duƙawa. Sandar alminiyan ta gama-gari ta fi ta yawan ramukan daidaitawa, ta katako kuwa kafinta zai yanke ta daidai mai ita. Sai nauyin da za ta ɗauka: kamfanin ya rubuta fam 250, kusan kilo 113. Mai jikin da ya kusa haka, ko wanda ke jingina dukan nauyinsa bayan shanyewar ɓarin jiki, wannan ba sandarsa ba ce. Shi sanda mai ƙafa huɗu ce ta kamace shi, kuma likitan gashin ƙashi ne zai zaɓa masa.

A duba robar gindi da kyau, domin ita ce ke riƙe mutum a kan tayil mai laima. Roba tana cinyewa, dole a canza ta. Sandunan gama-gari galibi suna ɗaukar roba mai faɗin milimita 19 ko 22, wadda ake samu a shagon kayan asibiti. A tambayi mai sayar da sandar lantarki ko irin wannan robar tana shiga gindinta. In sai tasu ta musamman, ranar da ta cinye an shiga jiran saƙo daga waje, dattijo kuma yana tafiya da sanda mai santsi.

Yanzu batun wutar. Za a ga an rubuta bolt miliyan 1 a kwali. Kada wannan lamba ta sa a ƙara ko sisi. Iska busasshiya tana barin wuta ta tsallaka ne da zarar ƙarfinta ya kai kamar bolt 30,000 a kowace santimita ɗaya. Ƙarafan da ke jikin sandar kusa suke da juna, saboda haka tartsatsin zai tashi tun ƙarfin bai je ko kusa da miliyan ba. Abin da ke nuna zafin jan shi ne yawan cajin da kowane bugu ke zubawa a jiki, wanda ake aunawa da maikrokulom, kuma masu talla ba su cika rubuta shi ba. Kamfanin da ya rubuta wannan ma'auni ya fi cancantar a saurare shi.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. Na'urar Taser da ake gani a hannun 'yan sandan Amurka tana harba allurai biyu masu waya, su kafe a jiki nesa da juna, wutar ta ratsa tsoka mai yawa har mutum ya sandare ya faɗi. Sandar lantarki ba ta harba komai. Sai an manna ta a jikin mutum, kuma an riƙe ta a wurin na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da take jawowa zafi ne mai sa mutum ya zabura ya ja baya, ba sandarewa ba. Wanda ya sha ƙwaya, ko ya sa jaket mai kauri, ko babbar riga mai faɗi da ba ta manne da jiki ba, yana iya jin abin sama-sama.

Ga inda matsalar ta fi girma. Ƙarafan wutar suna can ƙasan sandar. Kafin dattijo ya yi amfani da su sai ya ɗaga ta daga ƙasa, ya kunna makunnin tsaro, ya danna maɓalli, ya kai ta jikin wanda ke motsi, ya kuma riƙe. A duk wannan lokaci yana tsaye ne a kan ƙafafun da dama saboda rauninsu aka saya masa sanda. Turi ɗaya ya isa ya kai shi ƙasa, karayar ƙugu a wannan shekaru kuwa ba ƙaramin abu ba ce. In saurayi mai ƙarfi ya kama sandar daga sama, inda babu wuta, ya fizge, an rasa madogara, makamin kuma ya koma hannunsa. Shi ya sa a ganina wannan sanda ta fi dacewa da wanda bai dogara da ita sosai ba: dattijo mai sauran ƙarfi, da ke iya tsayuwa da tafiya ba sanda, yana riƙe ta ne don ɗan ciwon gwiwa. A hannun irinsa tana da amfani na gaske, musamman wurin korar kare, domin ƙarar tartsatsin da haskensa kaɗai sukan sa kare ya juya tun ba a taɓa shi ba.

Wasu kam kada a ba su ita ko kyauta. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, domin kuskure ɗaya na iya taɓa aikinta. Mai karkarwar hannu ko amosanin gaɓɓai, wanda ƙaramin maɓalli zai gagare shi a lokacin firgici. Wanda mantuwa da ruɗewa suka fara kamawa, don wata rana mai jinyarsa zai ɗauka baƙo ne. Haka gidan da jikoki ke wasa da sandar Kaka, sai dai in akwai inda ake kulle ta.

Batir ma aiki ne. Yana zubar da caji ko ba a taɓa sandar ba, tocilar kuma daga shi take sha, don haka wanda ke haska hanya da ita kullum zai iya danna maɓalli ranar buƙata ya ji shiru. A ware ranar caji, ko sau ɗaya a wata, a kuma gwada tartsatsin a iska na daƙiƙa ɗaya kacal. Riƙe maɓallin a iska na dogon lokaci yana ƙona kayan cikinta. A karanta bayan cajar: wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa wajen 220 zuwa 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, jona ta kai tsaye zai ƙona ta. Ba a kunna ta cikin ruwan sama ko da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala.

Doka ta bambanta ƙwarai. A Amurka yawancin jihohi sun halatta, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 a shari'ar Caetano da jihar Massachusetts, amma wasu wuraren suna da sharuɗɗa. A Birtaniya haramtaccen makami ce ƙarƙashin dokar makamai ta 1968, ɗaurinta na iya kaiwa shekara 10. Ba a shiga cikin jirgin sama da ita a hannu, saboda haka mai niyyar Hajji ko Umara ko zuwa asibiti a waje ya tafi da sanda ta gama-gari. Wanda zai yi odarta zuwa gida ya tambayi kwastan da 'yan sanda tukuna, kafin ya biya kuɗi.

In an jera zaɓin, ga yadda suke. Sandar lantarki ta fi tsada, ta fi nauyi, tana son kulawa, kuma tana yi wa mutane kaɗan aiki. Doguwar sandar hawan dutse mai lantarki ba ta da mariƙin jingina nauyi, ta masu yawon daji ce, a cire ta daga lissafi. Sanda mai ƙafa huɗu ta fi kowacce hana faɗuwa, amma ba ta kare kai. Kwagiri na katako mai ƙwari ba ya son caji, ba mai hana shi shiga ko'ina, kuma a hannun mai ƙarfi yana tare hanya.

Ga yawancin iyayenmu, abin da ya fi shi ne a raba ayyukan. A sayi sanda mai kyau daidai tsawonsu, tocila mai haske daban, da 'yar na'urar ƙara ta aljihu mai ƙarfin ƙara desibel 120 zuwa 130, wadda ake fizge igiyarta ta yi kururuwa har maƙwabta su fito. A rataya na'urar a wuya ko a ɗaura ta a hannun da ba ya riƙe sanda, yadda za a ja ta sandar na nan kafe a ƙasa. A wayarsu kuma a saita lambar ɗa ko maƙwabci a kan maɓalli ɗaya, a zauna da su a gwada har hannunsu ya saba.