Famfon Hannu Ko Mai Batir: Wanne Ya Fi Dacewa Da Yaƙin Tsutsar Masara?

Salamu alaikum. Malam, na ga tambayar da ka yi jiya da daddare. Ka ce kana da hekta biyu ta masara a wajen Saminaka, ka shuka da ruwan ƙarshen Mayu, ga kuma ɗan lambu a bayan gida mai tumatir da kuɓewa da alayyahu. Bara tsutsa ta yi maka ɓarna kana jiran mai famfon haya, shi ya sa bana kake so ka sayi naka, amma ka rasa na zaɓa tsakanin na hannu da mai batir. Na goya duka biyun, na hannu shekara da shekaru, mai batir kuma wannan ce damina ta uku, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Sai ka san halin tsutsar tukuna, domin halinta ne zai nuna maka irin famfon da kake buƙata. Baƙuwa ce, asalinta nahiyar Amurka. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, masana na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ita, a 2018 kuwa har ta isa Indiya. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai launin toka da ke tashi da dare, yana iya cin kilomita 100 kafin gari ya waye. Takan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a wuri ɗaya a jikin ganye, su ƙyanƙyashe cikin kwana biyu ko uku. Ƙananan sukan kankare ganye su bar shi shara-shara kamar leda. Da sun ɗan tasa sai su gangara cikin zuciyar masarar, wato inda sabon ganye ke fitowa a nannaɗe kamar mazurari, su toshe bakin wurin da kashinsu mai kama da garin katako. Idan ka buɗe ka ga tsutsa mai zane kamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya, ita ce. A zafin nan namu kimanin mako biyu take yi tana ci, sannan ta faɗa ƙasa, wata guda ya ishe ta ta zagayo ta sake zuba ƙwai.

Ka ga ke nan maganin da aka watsa sama-sama a kan ganye bai same ta ba. Dole ya shiga cikin zuciyar. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane famfo da shi.

Na hannu, mai cin lita 15 ko 16 ko 20, hannun hagu na bugawa, na dama na riƙe da sanda. Babban alherinsa shi ne ba ya jiran kowa. Babu ruwansa da wuta, babu ruwansa da caji, ko shekara ya yi a rataye a rumbu ka sauke shi ka shafa wa robar ciki ɗan mai ya ci gaba da aiki. In ya lalace, yawanci roba ce ta cinye ko tiyo ya tsage, kuma a kowace kasuwar ƙauye akwai mai sayar da su, kai da kanka ka kwance ka ɗaure a gindin bishiya. Amma ga inda yake cin mutum: ƙarfin ruwansa yana bin ƙarfin damtsenka. Goyo na farko da na biyu feshi na fita sumul. Ka kai goyo na takwas, rana ta ɗaga, kafaɗa ta yi tsami, za ka ga ruwan yana fita yana tsinkewa, wata masarar ta sha da yawa wata ta samu ɗigo biyu. Ka lissafa aikin da kanka. In ka ba da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, hekta guda tana ɗauke da masara sama da 53,000. Hekta biyunka sun haura 100,000, kowace da zuciyarta. Ruwan da ake buƙata a hekta kan kai wajen lita 200, wato goyo 12 ko 13 na famfo mai lita 16. Goyo 25 ke nan a gonarka, duk da bugun hannu. Mutum ɗaya ba ya gama wannan a yini ɗaya, musamman da yake ba a feshin tsutsar nan da tsakar rana, sai da sassafe ko da la'asar sakaliya lokacin da take motsi.

Mai batir ya fi shi a daidai wannan wurin, kuma fifikon ba ƙarami ba ne. Ƙaramin inji ne a gindin tankin, batir mai ƙarfin volt 12 ke juya shi, ruwan na fita da ƙarfi ɗaya tun daga kunyar farko har ta ƙarshe. Abin da na fi jin daɗinsa ma shi ne hannun hagu ya samu 'yanci. Kana tafe bisa kunya, ka ga wadda kashin tsutsa ya toshe, sai ka sa hannu (da safar roba, don Allah) ka ɗan buɗe ganyen, ka sa bakin sandar a ciki ka danna. Da na hannu ba ka iya haka sai ka tsaya ka daina bugawa. Yawancinsu suna da maɓallin rage ƙarfi, ka rage shi, domin ƙarfi mai yawa hazo yake yi iska ta kwashe. Batir mai lafiya da cikakken caji yana kai mutum aikin safiya guda har da saura.

Amma yana da lalurori uku da mai shago ba zai faɗa maka ba. Na farko caji: in garinku wuta sai an ga dama, kuma ba ka da sola, ranar da tsutsa ta fi buƙatarka ranar za ka tarar da shi babu numfashi. Na biyu ƙazamin ruwa. Injinsa ba ya jure yashi da dattin ruwan kududdufi, dole ka riƙa tace ruwa da ƙyalle ko da akwai rariya a bakin tankin, in kuwa injin ya tsaya sai an kai shi gari ko an sayo sabo. Na uku shi ne wanda ya same ni. Shekarar da na saye shi, da aka gama damina na wanke shi na rataye ba tare da na cika cajin ba. Ya yi rani guda a haka. Da ruwa ya sauka, tsutsa ta bayyana a masarata tana da mako uku, na ɗauko shi na jona, ya kwana a wuta, da safe minti goma bai yi ba ya mutu. Irin wannan batir in ya daɗe babu caji ya lalace ke nan. Kwana huɗu na yi kafin in samo wani, a cikin kwana huɗun nan tsutsotsin da da feshi ɗaya zai kashe suka yi ƙato suka shige ciki. Tun daga nan duk wata sai na jona shi ko ba na aiki da shi.

Akwai wanda ake kira biyu-a-ɗaya, mai batir da kuma mariƙin bugawa. Dabara ce mai kyau, sai dai ya fi nauyi, kuma na arha a cikinsu mariƙin ba ya daɗewa. Ka jijjiga shi a shago ka ji kafin ka biya. Shi kuwa babban mai injin fetur da ke hura iska, bar shi ga masu gonar mangwaro da lemo. A masara yana wanke ganye ne ya bar zuciyar a bushe.

Yanzu maganar lambunka, wadda a ganina ita ce za ta yanke hukunci. A farkon damina famfo ɗaya ake ba wa aiki biyu: yau maganin ciyawa, jibi maganin ƙwari. Masara tana iya jure ɗan ragowar wasu magungunan ciyawa a tanki, tumatir da kuɓewa ba sa jurewa. Musamman 2,4-D, ɗan abin da ya maƙale a tiyo ya isa ya sa ganyen tumatir ya murɗe ya siranta kamar igiya, mutum ya yi ta zargin cuta alhali famfonsa ne. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a harkar nan za ka same shi da famfo biyu, ɗaya ya yi masa alama da jan fenti na ciyawa ne kaɗai. Tumatir ɗin kuma yana da tasa baƙuwar tsutsar, wadda ake kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Ita a cikin naman ganye take zama, tana buƙatar feshi mai laushi da zai rufe ganyen sama da ƙasa, kuma a nan ma mai batir ya fi iya aikin.

To ga shawarata. In kuɗinka na famfo ɗaya ne, sayi na hannu mai nagarta, ba mafi arha ba, wanda ka tabbatar ana samun robobinsa a kasuwarku. Rarar kuɗin ka sa a magani na gaskiya mai lambar NAFDAC, ka kuma ɗauki yaro ɗaya da zai riƙa kawo ruwa kuna karɓa-karɓa. Duk lokacin da ka yi maganin ciyawa ka wanke tanki da tiyo da sanda da omo, ka bar ruwan ya kwana a ciki, ka ɗauraye sau uku kafin ya kusanci lambu. In kuwa Allah ya hore maka na biyu kuma kana da inda za ka yi caji, mai batir ya zama na ƙwari, na hannu ya koma na ciyawa, ya kuma zama madogara ranar da batir ya ƙi. Da hekta biyu da lambu, nan nake so ka kai ko da baɗi ne.

Ko wanne ka saya, duba bakinsa. Mai fitar da ruwa a faffaɗe kamar mafici na ciyawa ne, mai fitarwa a zagaye shi ne na ƙwari. Kafin ka zuba magani, cika tankin da ruwa zalla, auna fili taku goma-goma na mita, ka fesa da irin tafiyar da ka saba, ka ga lita nawa ta tafi, ka ninka sau 100. In lita biyu ce, kana kan 200 a hekta, daga nan ne za ka san adadin da za ka zuba a kowane goyo bisa abin da aka rubuta a jikin kwalba. Masu sinadarin emamectin benzoate suna aiki a kan tsutsar nan in tana ƙarama, amma kada ka nace wa sinadari ɗaya damina guda, tana saurin sabawa. In bakin ya toshe kada ka hura da bakinka, yi amfani da tsinken ciyawa. In tanki na yoyo a bayanka, sauke shi nan take, rigar da ta jiƙe da magani ta fi abin da ka shaƙa illa.

Masararka yanzu tana wajen mako uku, kuma in aka samu ɗan fari a Yuni lokacin ne tsutsar ta fi yawa, don ruwa mai ƙarfi yana kashe ƙananan. Gobe da asuba ka shiga gonar, ka tsaya a wuri biyar mabambanta, ban da bakin gona, ka duba masara 20 a kowane wuri. In 20 cikin 100 ɗin suna da sabon ci, ka yi feshi cikin kwana biyu, ko da aron famfo ne. In ba su kai ba, ka bi waɗanda suka kamu ka murƙushe ƙwan da hannu, ka zuba ɗan yashi haɗe da toka a zuciyarsu, ka sake zagayawa bayan kwana huɗu. Allah ya ba mu damina mai albarka.